Babi na Bakwai: Igiya Baki Biyu Gare Ta

Duk wanda ya saba bin kwaltar Maradi zuwa Damagaram ya san inda direba ke sassauta ƙafa ba tare da kowa ya ce masa ci kanka ba. Ka wuce Cadawa, ka wuce Agye da Gazawa, kana dosar Tasawa, can sai ka hango igiya an gitta ta a kan hanya, an ɗaɗɗaura mata tsummoki don a gan ta tun daga nesa. Baki ɗaya yana jikin turke ko tsohuwar ganga, ɗayan yana hannun wani da ke zaune a inuwa. Babbar mota ce shaƙe da buhunan wake, ko bas cike da fasinja, duk sai su tsaya cak. Igiyar nan ko bunsuru ya yi niyya zai iya tsinka ta, amma direba mai hankali ba ya gwadawa, domin ba ita yake kallo ba. Hannun da ke riƙe da ita yake kallo, da kakin da ke jikin mai hannun, da ofishin da ya turo shi, har can Yamai. In takardu sun cika sai a saki baki ɗaya, igiya ta kwanta ƙasa, tayoyi su taka ta su wuce.

Bafaranshe yana da wata kalma guda da ya tara abubuwa da yawa a cikinta, wato cordon. Faffaɗan ƙyallen alharini da ake rataya wa babban mutum daga kafaɗa zuwa ƙugu ranar ba shi lambar girma, cordon ne. Sahun ƴan sanda ko jandarmomi da ke tare jama'a kada su ƙetare wani wuri, shi ma sunansa ke nan. Haka cibiyar jariri da ungozoma ke yankewa, haka jerin duwatsun da ake shimfiɗawa a gona don ruwan sama kada ya kwashe ƙasa. Ɗan lakwal a Nijar yakan ci karo da kalmar a wurare huɗu ko biyar, ya ɗauka kalmomi ne dabam-dabam da suka yi kama da juna, alhali uwarsu ɗaya ce, corde, wato igiya. Ita kuma corde ta gangaro ne daga wata tsohuwar kalmar Girkanci mai nufin hanjin dabba da ake murzawa a yi tsirkiyar abin kiɗa.

Mu ma ba sai mun je aro ba. Kalmarmu ta igiya ta yi irin wannan tafiya, ta hau damtsen soja, ta gitta a kan titi, ta shiga ɗakin amarya. Kuma in ana son a bi sawunta, a wannan yanki namu daga Gulbin Kaba ake farawa.

Gulbi ne a suna. Ruwa ba ya gudu a cikinsa yadda yake yi a Gulbin Maradi, sai ɗan abin da damina ta tara nan da can. Ya taso daga ƙasar Katsina, ya miƙa arewa, ya ratsa ƙasar Tasawa da ta Mayahi, sannan ya karkata yamma. Abin da ya ba shi suna shi ne kaba, wato goriba tun tana ƙasa ba ta yi gangar jiki ba, ganyenta na tsiro cunkus kamar an dasa mafitai a cikin rairayi. Ana yanko ta a shanya, a tsattsaga, a jiƙa ta ta yi laushi. Mata su ɗauki nasu su yi tabarma, maza su zauna tufka. Tun da can an san tsofaffi da makafi da wannan sana'a, domin aiki ne na yatsu da haƙuri, ba na ido ba.

Na tashi na tarar da kakana na wajen uwa yana tufka a zaure bayan La'asar. Yakan maƙale bakin igiyar da babban yatsan ƙafa, tafukansa biyu suna murza, bakinsa yana hira kamar hannuwan ba nasa ba ne. Sai da na girma na gane abin da yake yi. Kowane sili ana murza shi ta gefe guda, sannan a haɗa biyun a naɗe su ta ɗaya gefen. Kowannensu yana neman ya warware, ɗan'uwansa ya hana shi, to wannan jayayyar ita ce ƙarfin igiya. Wanda ya murza duka ta gefe guda, da ya saki hannu aikinsa ya watse. Daga zaman irin wannan zaure aka samo "tufka da warwara", da muke faɗa wa mai maganar da ƙarshenta ke rushe farkonta.

Ba kaba kaɗai ake tufkawa ba. Akwai rama, akwai ɓawon kuka, akwai fata ga masu dabbobi, ga kuma ɓawon kalgo da ake ɗaure damin hatsi da shi lokacin kaka. Yanzu kuwa zaren tsofaffin buhuna ya shigo, ana warware su a tufka igiya mai jure ruwa. Wannan ya ɗan rage wa kaba nauyi, kuma tana bukata, don kabar da ake yanka kowace shekara ba ta samun sukunin tashi ta zama goriba. A wurare da dama cikin gulbin za ka ga tsofaffin goribai tsaye da rassansu masu rabuwa biyu-biyu, ƙasa kuma ga kaba birjik, amma tsakanin kaka da jika babu matasan itatuwa.

In kana son ka ga igiya a bakin aikinta na asali, je rijiyar makiyaya a arewacin Mayahi lokacin bazara. A can da gaba ake auna zurfi, kuma akwai rijiyar da sai an zura gaba 30 ko fiye kafin wasaki ya taɓa ruwa. Hannun mutum ba ya iya wannan jan yini guda, sai a ɗaura wa sa ko raƙumi ko jakuna. Yaro ya kora dabbar ta yi nisa, nisan da ya yi daidai da zurfin rijiyar, har sai na bakin rijiya ya ɗaga murya cewa wasaki ya iso. Itacen da aka gitta a baki duk ya yi zane-zane inda igiyoyin shekaru suka ci shi. Mai kallo daga nesa zai ga yaro da sa suna tafiya cikin fili ba gaira ba dalili, wani kuma can yana sunkuye a bakin rami. Sai ya matso zai ga aiki guda suke yi. Abin da nake son mai karatu ya riƙe har ƙarshen wannan babi ke nan: ba a yin igiya mai baki ɗaya. Duk inda ka ga baki guda, akwai wani hannu a ɗayan, ko da ido bai kai gare shi ba. Shi ya sa in al'amari ya rikice muke cewa a gano bakin zaren.

Dubi yadda kalmomin mulki a Hausa suka fito daga garke. Shugaba yana riƙe da ragama, wani yana jan akalar jam'iyya, ana ja wa mai rawar kai linzami. Babban mutum da hukuma ta hana shi fita daga gidansa an yi masa ɗaurin talala, irin wanda ake yi wa tunkiya da doguwar igiya ta yi kiwo iyakar inda igiyar ta ƙare. Aure ma ɗaura shi ake yi, kuma igiyoyinsa uku ne. In saki ɗaya ya auku, tsofaffin gida sukan ce saura igiya biyu, a yi hattara. In ukun suka tsinke, babu kome sai ta auri wani. Ba wanda ya taɓa ganin waɗannan igiyoyi da ido, amma duk wanda ya zauna zaman sulhu ya san nauyinsu, ya kuma san cewa in aka ja su ba ma'auratan kaɗai ke jin zafi ba, har da waliyyan da suka bayar da waɗanda suka karɓa.

Da Turawa suka kawo soja mai kaki, Bahaushe ya dubi ƴan ƙyallayen da aka ɗinka a hannun riga ya ce igiya ce. A Kano da Katsina har gobe kofur mai igiya biyu ne, saje mai igiya uku, manyan hafsoshi kuwa anini ake ƙirga musu a kafaɗa. Sunan ya dace fiye da yadda ake zato. Wanda aka ɗinka wa igiya an ɗaure shi ne da wanda ya ba shi, kuma an miƙa masa bakin igiyar waɗanda ke ƙasa da shi. Kafin Turawa ma muna da namu. Takobi da hamila ake rataya shi, mahayin da ya isa yakan sa ta alharini mai tuntaye. Ɗamara kuma ta tashi daga abin ɗaure ciki ta zama shirin yaƙi, har yau in an ce masu ɗamara kowa ya san sojoji da ƴan sanda ake nufi. Sarauta naɗa ta ake yi, kuma wanda ya naɗa rawani shi ke da ikon warware shi. Ranar hawan Salla, dogarai da jajayen riguna su ne igiyar da ke tsakanin dawaki da ƴan kallo.

Na baya-bayan nan shi ne ƙyallen magajin gari mai launin tutar ƙasa, ruwan goro da fari da tsanwa. Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na watan Yulin 2004, ƙasar Tasawa ta samu magadan gari 7, ta Mayahi ta samu 8, daga Korgom da Hawandawaki a kudu har Urafan da Gidan Amumun a arewa. Ƙyallen bai fi kamu uku ko huɗu ba, amma ɗayan bakinsa yana hannun waɗanda suka yi layi a rana suka jefa ƙuri'a. A watan Afrilun 2024 hukumomin soja suka rushe majalisun ƙananan hukumomin, suka naɗa masu riƙon ƙwarya, bakin igiyar ya koma wani hannun.

A Faransa ma da sarauta aka fara. A 1578 Sarki Henri na Uku ya kafa wata ƙungiyar manyan fadawa, alamarta gicciye rataye da shuɗin ƙyalle. Sai aka riƙa kiran su kansu mutanen da sunan ƙyallen, cordon bleu, daga baya sunan ya sauka a kan duk wanda ya gwanance a aikinsa, har ya tsaya a kan gwanin girki. A 1802 Napoleon ya kafa tasa lambar girma, Légion d'honneur, ita kuma ƙyallenta ja ne. Ku riƙe wannan jan ƙyalle, za mu sake haɗuwa da shi a ƙasar Tasawa.

Ɗaya ma'anar, ta sahun masu gadi, ta yi suna ne a 1821, lokacin da zazzaɓin shawara ya ɓarke a Basalona ta ƙasar Sifaniya. Gwamnatin Faransa ta jera sojoji a kan duwatsun da suka raba ƙasashen biyu don kada cuta ta ƙetaro, aka kira sahun cordon sanitaire, igiyar kiyaye lafiya. Cuta ta lafa, sojoji ba su tashi ba, kuma a 1823 rundunar Faransa ta ƙetara ta mayar wa sarkin Sifaniya cikakken ikonsa. Mutanen kudancin Tasawa, waɗanda kasuwarsu da surukansu ke tsallaken iyaka, ba sai an yi musu dogon bayani a kan irin wannan igiya ba. Sun ga an ja ta a watan Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, sun sake ganin an ja ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Hannun da ya ja yana Abuja ko Yamai, wuyan da ya ji shaƙa yana Hawandawaki.

Amma inda ma'anonin nan biyu suka yi gaba da gaba, ƙyallen girma da sahun masu bindiga, a ƙasarmu ne, cikin daminar 1899.

A watan Janairun wannan shekara wata rundunar Faransa ta tashi daga bakin kogin Kwara ta nufi gabas, da niyyar kaiwa tafkin Cadi. Jagororinta biyu ne, Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine, ɗan wani janar da ya taɓa riƙe ministan yaƙi. Turawan cikinta ba su kai goma ba. Sauran sojoji ne baƙar fata da aka ɗebo daga ƙasashen yamma, da ɗaruruwan ƴan dako da aka kamo da ƙarfi. Igiyar farko da mutanen ƙasa suka gani a wannan tafiya ita ce ta wuyan ƴan dakon nan, an jera su kamar shanun fatake. Ta biyu ita ce wadda ake rataye ƴan jagora da ita a kan itace in an zarge su da ɓatar da hanya. A Sansane Hausa an kashe mutum 101. A watan Afrilu suka gwabza da mutanen Sarauniya Mangu a Lugu. A watan Mayu suka afka wa Birnin Ƙonni, kisan da aka yi a can har yau ba a gama ba da labarinsa ba.

Wani hafsa da aka kora daga rundunar, Laftanar Péteau, ya rubuta wa budurwarsa wasiƙa yana zayyana abin da ya gani. Wasiƙar ta kai hannun manya a Faris, aka umarci Laftanar-Kanar Klobb, wanda ya yi kumandan a Tumbutu, ya bi sawu ya karɓi ragamar rundunar. Ya taso da Laftanar Meynier da ƴan sojojin da ba su wuce 50 ba. Bai bukaci ɗan jagora ba. Toka da gawawwaki da rijiyoyin da aka cika da mutane su suka nuna masa hanya. Da ya matso kusa ya aika da takarda, Voulet ya mayar masa da amsa cewa yana da bindiga 600, in ya ƙara matsowa zai ɗauke shi a matsayin abokin gaba.

Ranar 13 ga Yuli, lokacin da hatsi ke tashi ana fama da noman farko, Voulet ya afka wa Koran Kalgo. An kashe masa sojoji biyu, sai ya rama a kan mata da yara wajen 150.

Kashegari, 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa, aka haɗu kusa da Dankori. Voulet ya jera sojojinsa sahu, bindigogi a shirye. Klobb ya sa cikakken kakinsa, igiyoyinsa biyar a hannun riga, ya maƙala lambarsa mai jan ƙyalle a ƙirji, aka warware tuta a gabansa. Ya umarci mutanensa kada kowa ya yi harbi ko da an harbe su, sannan ya doshi sahun. Lissafinsa ba na wawa ba ne. Shi ne lissafin mai riƙe da igiya a kan kwalta: wanda ke gabana zai dubi abin da ke bayan ƙyallen nan ya tsaya. Kowane soja a sahun ya san biyar ta fi uku. Sai dai wata shida ke nan bakin igiyarsu yana hannun Voulet. Shi ke raba ganima da bayi, shi ke harbe wanda ya yi gardama, Faris kuwa suna ne kawai da suke ji. Aka ba da umarni, suka yi harbi. Meynier ya faɗi da rauni a ƙafa, Klobb ya mutu nan take.

Da yamma Voulet ya tara hafsoshinsa ya gaya musu abin da ya yi. Yana magana yana fizge igiyoyin hannun rigarsa. Ya ce shi ba Bafaranshe ba ne kuma, ya zama sarkin baƙar fata, zai kafa daularsa da waɗannan sojoji. Kyaftin a sojan Faransa igiya uku gare shi. Bahaushen da ya ji wannan labari ba ya bukatar tafinta: mutumin ya yi wa ƙasarsa saki uku ne a zama guda.

Abin da bai lissafa ba shi ne, igiyar da ya tsinka ita ce ta ɗaure sojojin da shi. Sajoji da kofurorin baƙar fata suka zauna suka auna. In wannan mutum ba na Faransa ba ne kuma, wa zai biya su, wa zai mayar da su gida bakin Kwara da ƙasar Bambara, kuma wa zai tsaya musu ranar da za a tambayi jinin kanar? Ranar 16 ga Yuli a Maijirgi suka juya. Chanoine ya hau doki ya nufe su, suka harbe shi. Voulet ya tsere ya kwana a wajen sansani. Da asubar 17 ga wata ya dawo zai shiga sansani, mai gadi ya tare shi. Kwana uku kafin nan, kallo ɗaya daga gare shi ya isa ya sa wannan mai gadi ya kauce yana rawar jiki. Yanzu hannun rigarsa babu komai. Ya yi harbi bai samu ba, mai gadi ya harbe shi.

A nan littattafan Faransa suka daɗe suna ajiye alƙalami, kuma a nan nake da ja. Binciken da aka buɗe an rufe shi a 1902, aka ce zafin ƙasar Sudan ne ya taɓa kawunan mutanen biyu. Fizge igiyar nan da Voulet ya yi ta yi wa gwamnatinsa rana, domin ta ba ta abin nunawa: ga shi da bakinsa ya ce ba namu ba ne. To amma a duba kwanan wata. Ya tsinka igiyarsa da yammacin 14 ga Yuli. Sansane Hausa a Janairu aka yi, Lugu a Afrilu, Birnin Ƙonni a Mayu, Koran Kalgo saura kwana ɗaya. Duk waɗannan an yi su ne igiya uku na nan daram a hannun rigarsa, tuta na gaba, takardar umarnin ministan ƙasashen mallaka na cikin akwatinsa, harsashin kuma da kuɗin gwamnati aka saya. Bayan ya tsinka igiyar kwana uku kawai ya ƙara a duniya. Ɓarnar da ake tunawa da ita daga Kwara har Tasawa ta lokacin da auren ke nan ce, ba ta bayan saki ba. A shari'ar kowane ƙauye, in sa ya shiga gonar mutane da igiya a wuya, ba a tsayawa yi wa sa faɗa, mai igiya ake nema.

Kuma mai igiyar bai mayar da abin da san ya ci ba. Laftanar Pallier ya karɓi rundunar, sojojin nan dai da suka ƙona Ƙonni, ya ci gaba da su gabas. Suka karya mayaƙan Damagaram a Tirmini, suka shiga birnin Zinder ranar 30 ga Yuli, mako biyu kacal bayan abin da ya faru a Maijirgi. Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga ya fita, daga baya aka bi shi aka kashe. Joalland, wani hafsan rundunar, da Meynier, wanda ƙafarsa ta warke, suka ƙarasa tafkin Cadi, suna cikin waɗanda suka yaƙi Rabe a Kusuri ranar 22 ga Afrilun 1900. Meynier ya tsufa yana janar. Ƙasar da aka ratsa ta zama mallakar Faransa har 1960, kwaltar da muka fara wannan babi a kanta kuma ta bi kusan sawun wannan runduna.

Ba na rage wa Klobb komai. Mutumin da ya hana sojojinsa harbi ya doshi bakin bindiga da ƙirjinsa ya yi abin da ba kowa ke iyawa ba. Amma mutuwarsa ce ta girgiza majalisa da jaridun Faris, domin shi mai jan ƙyalle ne. Matan Koran Kalgo da suka riga shi da kwana ɗaya ba su da ƙyalle a ƙirji, ba su da sahun masu gadi a gabansu. Igiyar da suka sani ita ce ta guga, da ta turken akuya, da ɓawon kalgon da garinsu ke ɗauke da sunansa.

In an sakar maka igiya a Tasawa ka ci gaba gabas, tafiyar ƴan mintoci ce ka iso Maijirgi. Kaburburan Voulet da Chanoine suna nan. An ruwaito cewa a 1923 wani matashin kumandan na Tasawa, Robert Delavignette, ya sa aka buɗe su aka tarar babu kowa ciki, abin da ya sa aka daɗe ana raɗe-raɗin cewa Voulet bai mutu ba. Mutanen wurin ba wannan ne ya dame su ba. Lokacin da masu shirya fim ɗin African Apocalypse, wanda ya fito a 2020, suka bi hanyar gari-gari, sun tarar da tsofaffi suna ba da labarin yadda iyayensu suka ji daga bakin waɗanda suka tsira: inda aka tara mutane, inda aka gudu aka ɓuya, dangin da suka ƙetara kudu ba su sake dawowa ba. A shekarun nan jikokin waɗannan garuruwa sun haɗa kai sun kai kukansu gaban mai bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya. Abin da suka sa a gaba shi ne Faransa ta amsa da bakinta cewa rundunar tata ce, ta kuma buɗe musu takardun da ke ajiye a can su karanta abin da aka rubuta a kan kakanninsu.